Shekara Ashirin a Gidan Wani: Halin 'Yan Haya a Gombe

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, sa'ad da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, ta mayar da garin Gombe fadar mulki, jama'a ba su daina kwararowa cikinsa ba: ma'aikata da 'yan kasuwa tukuna, sannan ɗalibai da malamai bayan kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, daga bisani kuma bayin Allah waɗanda fitinar Boko Haram ta raba da garuruwansu a Borno da Yobe da Adamawa. Gari ya buɗe har ya haɗe da Tumfure, amma ɗakuna ba su kamo yawan masu nema ba, kuma duk inda masu nema suka rinjayi abin nema, mai abu shi ke yanka farashi.

A dubi magidancin da ya shekara ashirin cikin ciki da falo a Bolari ko Pantami, wanda ya yaɓe bango da kuɗinsa, ya sauya kwanon da ke yoyo, aka raɗa wa 'ya'yansa suna a zauren gidan, har liman yakan tambaye shi idan bai gan shi a sahun asuba ba. Wannan mutum, duk da daɗewarsa, takarda guda daga hannun dillali ta isa ta tashe shi. Albashinsa wata-wata yake zuwa, alhali kuɗin haya na shekara ake nema a dunƙule, in kuwa tashi ya kama, ga la'ada, ga kuɗin motar kwasar kaya, ga neman wa yara sabuwar makaranta da sabuwar islamiyya. Gaskiyar magabata, zanen aro ba ya rufe katara.

Adalci ya wajabta a ji ta bakin mai gida, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, siminti da kwano da ladan magini duk sun yi tashin gwauron zabo, ko da yake a Ashaka, cikin jihar nan, ake yin simintin. Akwai kuma gwauraye da marayu waɗanda ba su da wata madogara face hayar ɗakunan da aka bar musu. Sai dai uzurin tsada bai halatta yaye wa mutum kwano, ko yanke masa wuta da ruwa, domin a ƙuntata masa ya fita ba.

Mafi ɗacin tashi shi ne wanda ke biyo bayan rasuwar mai gida, yayin da magada suka ƙagu a sayar a raba. A nan fuƙaha'unmu na Malikiyya ba su bar mu cikin duhu ba, gama sun tabbatar da cewa ijara ƙulli ne lazimi, wanda ake sharɗanta sanin wa'adinsa da ladansa, kuma mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware shi kafin wa'adin ya cika. Dokar ƙasa ma tana kan wannan turba: idan babu wata yarjejeniya daban, mai hayar shekara ana ba shi notis na wata shida, mai hayar wata kuwa wata guda, sannan kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Jihar Legas ta ƙara da haramta karɓar fiye da kuɗin shekara guda, cikin dokarta ta 2011.

Ashe ke nan ba hukunci muka rasa ba, rubutu muka rasa, domin galibin hayarmu da fatar baki ake ƙulla ta, saboda kunya da ganin girman juna, kunyar da ba ta amfanin kowa ranar da magada suka zo da mai saye. Saboda haka ya kamata a rubuta wa'adi da kuɗi da wanda gyara ke wuyansa, a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a karɓi rasidi a kowane biya, Majalisar Dokokin Jiha kuma ta duba yadda za a sauƙaƙa biyan wata-wata. Wanda ya riƙe amanar gidan wani shekara ashirin ya cancanci ya san ranar tashinsa tun da sauran lokaci.