FASHIN BAƘI: Yadda riɗin Gujungu ke tafiya Asiya, abincin Asiya ke shiga tukwanen Taura

Taura ba garin da mutum zai nufa neman gidan abincin 'yan China ko na Indiyawa ba ne. Wanda ya yi sha'awar irin wannan cima sai ya hau mota, ya bi ta Ringim zuwa Kano, inda ake samun gidajen a unguwanni irin su Bompai da Nasarawa. A can kuwa farantin mutum ɗaya kan iya cinye kuɗin cefanen da iyali a ƙauye za su yi kwanaki suna lallaɓawa da shi. Wannan ya sa da yawa ke ɗaukar zancen abincin Asiya a matsayin harkar masu hannu da shuni da 'yan gayu masu ɗora hoton faranti a Instagram.

Sai dai wanda ya leƙa madafin gidajen Taura, ko ya zauna a teburin mai shayi a Dutse da daddare, zai ga cewa Asiya ta daɗe da shigowa. Ta shigo cikin leda, cikin buhu, cikin ɗan ƙullin farin magi. A ɗaya ɓangaren kuma, wani abin da ake yaryaɗawa a kan abinci a gidajen cin abinci na Tokyo da Shanghai daga gonakin Jigawa ya fito.

Daga kasuwar Gujungu zuwa tashar jirgin ruwa

Gujungu na cikin Ƙaramar Hukumar Taura, a mahaɗar hanyoyin da ke zuwa Haɗeja, Gumel da Kano. Kasuwarta da ke ci ranar Lahadi na daga cikin manyan kasuwannin amfanin gona a Jihar Jigawa. Da kaka, bayan gero da dawa da wake, riɗi na daga cikin hajojin da dillalai ke rububi a kai. Suna auna shi, a ɗinke buhuna, manyan motoci su kwashe zuwa Kano a tace, daga nan a gangara da shi Legas.

Najeriya na sahun gaba cikin ƙasashen da ke fitar da riɗi a duniya, Jigawa kuma na sahun gaba cikin jihohin da ke noma shi. China, Japan, Turkiyya da Indiya su ne manyan masu saye. Japan, musamman, kusan duk riɗin da take ci daga waje take sayowa, kuma Najeriya na cikin waɗanda ke ciyar da ita. A can ana soya shi a tatsi mai, wanda 'yan ɗigo kaɗan ke canza ƙamshin miya ko soyayyar shinkafa.

Abin lura shi ne sifar da riɗin ke barin Jigawa da ita: ɗanye, a buhu. Tatsar man, zuba shi a kwalba, liƙa masa suna, duk a wata ƙasa ake yi, kuma ribar mai gwaɓi a can take zama. Idan kwalbar ta dawo, a manyan kantunan Kano da Abuja ake ganin ta, da farashin da manomin da ya shuka riɗin ba zai ko taya ba. An kafa yankin sarrafa kayan fitarwa a Maigatari tun a farkon shekarun 2000 domin irin wannan giɓi ya ragu, amma har yau yawancin abin da jihar ke fitarwa, riɗi ne ko zoɓo, ɗanyensa yake tafiya.

A cikin gida ma akwai tasiri. Riɗi tsohon abinci ne a ƙasar Hausa: ana yin kantu da shi, ana daka shi a miya, ganyensa ma ana ci. Da ya zama hajar da ake lissafa farashinta da dala, sai ya zama magidanci ya fi ganin amfanin ya sayar da duka, ya sayo abin da ya fi araha.

Taliyar da ta zama 'yar gida

Abin da ya fi araha, ko aƙalla ya fi sauri, sau da yawa shi ne indomi. Wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro irin wannan taliya ta dafa-nan-take a Japan a 1958. Indomie kuwa ta Indonesiya ce, ta kamfanin Indofood. Ta fara shigowa Najeriya a 1988, a tsakiyar shekarun 1990 kuma aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun, bisa haɗin gwiwa da kamfanin Tolaram na Singafo. Daga baya aka buɗe wasu a Fatakwal da Kaduna. Yau yara da dama ba su san cewa sunan kamfani ba ne, kowace irin taliyar leda indomi ce a wurinsu.

Dalilin karɓuwarta ba ɓoyayye ba ne. Kafin tuwon gero ya sauka sai an yi surfe, an wanke, an kai niƙa, an tankaɗe, an yi talge, an tuƙa, ga kuma miya a gefe. Aiki ne na sa'o'i, kuma a kan mata da 'yan mata yake. Ga itace da ke ƙara tsada a yankin da hamada ke matsowa, ga gas da ba kowa ke iya cika tukunyarsa ba. Indomi minti biyar ce. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ma'aikacin da aka turo Taura ya bar iyalinsa a wani gari, mai shayi ne madafinsa: a soya masa leda ɗaya ko biyu da ƙwai da attaruhu da albasa. Idan ana neman gidan abincin Asiya na talaka a Jigawa, to teburin mai shayi ne.

A ƙarshen watan Afrilun 2023 hankali ya tashi lokacin da hukumomi a Taiwan da Malesiya suka ce sun gano sinadarin da ake dangantawa da cutar daji a wani nau'in Indomie. Hukumar NAFDAC ta yi gwaji, ta ce waɗanda ake yi a Najeriya ba su da matsalar, kuma dama dokar kwastam ta hana shigo da taliya daga waje. Damuwar da ta fi wannan daɗewa ita ce gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, ƙullin ɗanɗanon da ke cikin leda kuwa kan kwashi kaso mai yawa daga wannan ma'auni. Sannan taliya fulawa ce da mai. Tana ƙosarwa, amma ba ta maye gurbin wake, zogale, kuka ko nono ga yaro mai tasowa. Wannan ba ƙaramin zance ba ne a jihar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, alhali a faɗin ƙasa kashi 37 ne.

Daddawa da farin magi

Farin magi, wanda ake kira Ajino, shi ma ɗan Japan ne. Masanin sinadarai Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarin da ke ba da wannan ɗanɗano a 1908, kamfanin Ajinomoto ya mayar da shi haja, ya kuma kafa reshensa a Najeriya a 1991. Ana yawan yaɗa jita-jita a kansa, har da cewa da shi ake wanke tufafi, amma hukumomin kula da abinci sun amince da amfani da shi daidai kima.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ɗanɗanon da Ikeda ya gano, matan ƙasar Hausa sun daɗe suna samar da shi daga kalwa. Ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, irin ta ce ke ruɓar da waken suya ya zama abincin da Japanawa ke kira natto. Bambancin shi ne daddawa tana ɗauke da sinadarin gina jiki, kuɗinta kuma a hannun matar da ta dafa ta a ƙauye yake tsayawa. Amma itatuwan ɗorawa na raguwa, aikin kalwa na da wahala, ƙullin farin magi kuwa ko da canji ana saye.

Siyasar shinkafa

Inda gwamnati ta fi sa hannu a tukunyar talaka shi ne shinkafa. Shekaru da dama 'yar Tailan da 'yar Indiya ce ke kan teburin biki da sallah. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa shinkafa cikin kayayyaki 41 da ya hana wa canjin gwamnati. A Nuwamban wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a Kebbi, a Agustan 2019 kuma ya rufe iyakokin tudu har zuwa Disambar 2020. Manoman fadamun Haɗeja, Auyo da Ringim sun faɗaɗa noman rani, injinan casa suka yawaita, 'yar Hausa ta samu daraja. Mai saye kuwa ya ɗanɗana tsada, fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar ma bai tsaya ba.

Gwamnatin Bola Tinubu ta juya akalar. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 da sakin darajar naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A daidai lokacin Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta taƙaita fitarwa tun daga Yulin 2023, farashin duniya ya tashi. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da dakatar da haraji na kwana 150 kan shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Farashi ya sauko daga baya, mazauna birane suka ɗan numfasa, manoman da suka sayi taki da fetur ɗin ban-ruwa da tsada suka koka da faɗuwa. A gari irin Taura mutum ɗaya ne manomin kuma shi ne mai cefanen, saboda haka kowace manufa aka ɗauka tana taɓa shi ta ɗaya aljihun.

Ko 'yar gidan ma tana da jinin Asiya. Mafi yawan irin da ake shukawa yau daga dangin shinkafar Asiya suke, kuma FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi, asalinta daga Taiwan ne. Alkamar da ake yin taliya da burodi kuwa akasarinta daga waje ake shigo da ita, ko da yake a Jigawa aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a Nuwamban 2023, a zamanin Gwamna Umar Namadi.

Su wa ke zuwa gidajen abincin Kano?

Gidajen abincin sun biyo masu su ne. Kwarorin Labanan da Siriya sun zauna a Kano tun farkon ƙarni na 20, kuma shawarma, wadda yanzu ake naɗewa a Dutse, daga yankinsu ta fito. 'Yan China masu masana'antu, irin su rukunin kamfanonin Lee, sun kafu a Kano tun shekarun 1960, Indiyawa ma sun daɗe a harkar masana'antu, magani da koyarwa. Alhazai da ɗaliban da suka yi karatu a Saudiyya, Indiya da Malesiya sun dawo da sha'awar kabsa da biryani. Samosa kuwa ta zama kayan buɗa-baki da na biki, har an manta baƙuwa ce.

Ga Musulmi, tambayar farko a gidan abincin 'yan China ita ce ta halal, domin naman alade da giyar girki na cikin wasu nau'o'in abincin ƙasar. 'Yan kasuwar Kano da ke zuwa Guangzhou da Yiwu sukan nemi shagunan Musulmin China, masu taliyar da ake ja da hannu a zuba a romon naman sa.

Dangantakar ba ta tsaya a faranti ba. A Gagarawa, maƙwabciyar Taura, shirin bai wa wani kamfani na rukunin Lee fili mai faɗin hekta 12,000 domin noman rake ya haifar da taƙaddama da manoma a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. Gwamnati ta ce jari ne da ayyukan yi. Manoman da suka ƙi amincewa suka ce gonakin gado ne, kuma a nan suke noma geron da suke ci da riɗin da suke kai wa Gujungu.