Daga Fida Zuwa Kofi: Koyarwa Domin Iyaye Da Masu Reno

'Ya'ya amana ne daga wurin Ubangiji, kula da lafiyarsu kuma hidima ce. Wannan koyarwa ta shafi gidajen da jariri yake shan madara ko kunu da kwalbar shayarwa, wadda ake kira fida ko bulumboti. Mun rubuta ta muna tunawa da iyalanmu na Bahindi da kewayen Bagudo a Jihar Kebbi, amma za ta amfani kowace ikilisiya.

Da farko, nonon uwa ya fi komai. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna koyar da a ba jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Yaron da ke shan nono ba ya bukatar fida. Daga mama sai kofi. Amma akwai marayu, akwai uwar da ke ciwo, akwai wadda aiki ya raba ta da jaririnta da rana. Kada a hukunta su, a taimake su.

Me ya sa za a bar fida?

Robar bakin fida da wuyanta suna riƙe ragowar madara inda hannu ba ya kaiwa. Da zafin ƙasarmu, ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a ciki cikin ɗan lokaci. Don ta tsabtata sai an wanke ta an tafasa ta bayan kowane sha, wannan kuwa yana cin ruwa da itace. A garuruwan da ke kusa da Kogin Kwara, idan ruwa ya yi ambaliya kamar yadda ya faru a Kebbi a 2020, rijiyoyi sukan gurɓace. Sakamakon shi ne gudawa, wadda har yanzu tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5. Kofi marar murfi kuwa ana ganin cikinsa, sabulu da ruwa mai tsabta sun isa.

Bayan haka, yaron da ke barci da fida a baki, madara ko kunu mai sukari yana kwana a haƙoransa ya ruɓar da su. Shan fida a kwance yana jawo ciwon kunne. Yaron da ya cika ciki da madara kuma yakan ƙi abinci, jininsa ya ragu.

Yaushe za a fara?

A fara koya masa kofi a wata 6, lokacin da ya soma zama. Likitocin yara suna ba da shawara a rabu da fida tsakanin wata 12 da 18. In aka bari ya kai shekara 2, rabuwar takan zama rigima.

Matakai

1. A samo ƙaramin kofi, ya zama nasa shi kaɗai.
2. A zaunar da shi a cinya, kansa a tsaye. A ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har abin sha ya taɓa leɓe, a bar shi ya kurɓa da kansa.
3. A fara da 'yan kurɓi na ruwan da aka tafasa ya huce, a lokacin cin abinci. Zai zubar, zai jiƙa riga. Haka koyo yake.
4. A cire fidar rana tukuna, a maye ta da kofi. Bayan 'yan kwanaki a cire ta safe. Ta dare ita ce ta ƙarshe.
5. Da dare a ba shi ya sha kafin ya kwanta, a goge masa haƙora, a goya shi, a rera masa waƙa, a yi addu'a.

Kada a fara lokacin da yaro ba shi da lafiya. Kada kuma a yi masa ɗura, wato a toshe hanci a kwarara kunu: abin yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu.

Me za a zuba a kofin?

A kasuwannin kan iyaka da Binin ana samun madara iri-iri, wasu rubutun jikinsu da Faransanci. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, da madarar shayi, ba abincin jarirai ba ne. In ba a gane rubutun ba, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Nonon shanu sai an tafasa. Ba a ba yaro zuma kafin shekara 1, ba lemon kwalba, ba shayi. Kunu kuwa a dama shi da kauri, a sa ƙullin gyaɗa, waken suya ko garin busasshen kifi marar ƙaya, a ba shi da cokali. In gudawa ta kama shi, a ba shi haɗin ORS da kofi, da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. Idan ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, a kai shi asibiti nan da nan.

Aikin dukan gida ne

A Farawa 21:8 Ibrahim ya yi babban biki ranar da aka yaye Ishaku. A 1 Sama'ila sura 1, Hannatu ta zauna da ɗanta har ta yaye shi, Elkana kuma ya goyi bayanta. Zabura 131 ta kwatanta ran da ya natsu ga Allah da yayayyen yaro a jikin mahaifiyarsa. A lura, yaron yana tare da uwarsa. Saboda haka kada a ƙwace fidar rana ɗaya a tura shi gidan kaka ya kwana yana kuka. Abin da yake nema da dare ya fi madara, yana neman ɗumin jiki da muryar da ya sani.

Maigida ya karɓi yaron wani daren don uwa ta huta. Kaka da 'yar reno su bi tsari ɗaya, kada wata ta mayar da fidar a ɓoye. Zumuntar Mata kuma ta ziyarci gidajen da ake renon marayu, ta kai sabulu da itace, ta nuna yadda ake riƙe kofi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ubangiji ya ba iyaye haƙuri, ya raya mana 'ya'yanmu cikin lafiya da tsoronsa. Amin.