Burgu, ciyawar da ake dasawa cikin ruwa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, burgun nan ba na rami ba ne mai satar gujiya. Ciyawa ce ta ruwa. Tana fitowa a gaɓar kogin Isa, daga ƙasar Mali har Tilaberi da Gaya. In ruwa ya hau, ita ma sai ta hau, har ta rufe fuskar ruwa kamar an shimfiɗa tabarma.

Karanta yana da zaƙi, bisashe na son shi. Saniyar da ke cin burgu ba ta rasa nono da rani. Kifi ma cikinta yake ƙwai, ƙanana su samu wurin ɓuya.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe burgu wurare da yawa. Daga nan mutanen bakin kogi suka duƙufa ga dasa ta da hannu. Mai tabki kusa da gari shi ma yana iyawa, in tabkin na da laka kuma yana riƙe ruwa watanni.

Ga yadda ake yi. A fara cire kacala da sauran haki. A samo ƙosasshen kara, a yanka shi guntu-guntu, kowane da gaɓa 3. Lokacin da ruwa ya fara shiga, bai wuce gwiwa ba, a kafa gaɓa ɗaya cikin laka, kan yana bisa ruwa. A bar taki ɗaya tsakani. A lura: in ruwa ya shanye kan dashe, ruɓewa yake. Saboda haka a riƙa bin ruwa sannu-sannu.

Aiki mai wuya shi ne tsaro. Shekarar farko kada bisa ta shiga. Mai gari, manoma, makiyaya da masunta su zauna su yanke magana guda tun kafin dashe.

In ta ƙosa, a yanka daga bisa ruwa, a shanya, a ɗaure, a ajiye. Kada a tumɓuke. In ruwa ya janye, a saki bisashe: kofatonsu na danna kara cikin laka, ya yi sabuwar saiwa. Amma a fid da su tun ba su cinye gindin ba.

Wanda ya ajiye burgu ba ya kai saniyarsa kasuwa da bazara a saye ta kuɗin fata. Ku je ku dubi tabkinku tun damana ba ta faɗi ba.