Tsanin da Kotun Amurka Ta Janye

Ranar 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wa jami'o'i duba launin fatar ɗalibi wajen ba shi gurbin karatu, a ƙarar da aka kai Harvard da Jami'ar Arewacin Karolina. Tun 1978 kotun ta hana ware kujeru ga masu wani launin fata kai tsaye, amma ta bar jami'o'i su saka asalin ɗalibi cikin abin da suke aunawa, don a samu ɗalibai masu asali daban-daban, abin da ya ɗan tallafa wa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka waɗanda bauta da wariya da talauci suka bari a baya. Manufar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san kason da jami'o'in tarayyar Najeriya suke ware wa jihohin da ke baya a ilimin boko. Masu murna da hukuncin sun ce cancanta ta yi nasara, sai dai akwai jihar da ta riga ta ɗanɗana wannan miya.

A 1996 masu zaɓe a Kalifoniya suka soke tsarin a jami'o'in gwamnatin jihar, kuma da dokar ta fara aiki a 1998, yawan baƙar fatar da aka ɗauka a jami'o'in Berkeley da UCLA ya faɗi warwas. Masu adawa da tsarin sun daɗe suna cewa wannan ma alheri ne ga ɗaliban, wai jefa yaro ajin da ya fi ƙarfinsa kan sa ya kasa, gara ya je inda zai iya. Maganar tana da daɗin ji, amma masanin tattalin arziki Zachary Bleemer ya bi sawun ɗaliban shekaru da dama, ya gano akasin haka. Waɗanda aka tura ƙananan jami'o'i ba su fi samun nasara ba. Kammala digiri ya ragu a cikinsu, haka ma albashin da suka samu daga baya, musamman 'yan asalin Latin Amurka. Babbar jami'a tana da kuɗi da malamai da hanyar samun aiki, kuma ɗan talaka ya fi kowa buƙatar waɗannan.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinsa: launin fata ba shi ne ma'aunin talauci ba. Ɗan likita baƙar fata yakan ci gajiyar tsarin, ɗan leburan da ya fito daga Asiya kuma a bar shi a waje. To, amma in adalci ake nema, me ya sa aka tsaya nan? Binciken Raj Chetty da abokan aikinsa na 2023 ya nuna cewa yaron da iyayensa ke cikin kashi 1 cikin 100 mafiya arziki, damarsa ta shiga fitattun jami'o'i masu zaman kansu ta ninka ta ɗan matsakaicin gida fiye da sau biyu, ko da makin jarrabawarsu ɗaya ne. Babban dalili shi ne alfarmar da ake yi wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, wadda hukuncin kotun bai taɓa ba. Jami'ar Johns Hopkins ta daina wannan alfarma da kanta tun 2014, Kalifoniya kuma ta yi dokar hana ta a jami'o'i masu zaman kansu a 2024.