Madarar Jarirai ta Ruwa Mai Kauri: A Kula da Awo

Babu abincin da ya kai nonon uwa ga jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da yaro nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. To amma wata uwar takan rasu wajen haihuwa. Ga kuma hare-haren 'yan bindiga da suka raba iyalai da gidajensu a ƙasar Sabon Birni da Isa. A shekarar 2019, dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Sau da yawa kaka ko gwaggo ce ke riƙe da maraya. Idan ba a sami wadda za ta shayar da shi ba, sai a koma ga madarar jarirai.

Madarar jarirai iri uku ce. Akwai ta gari. Akwai ta ruwa wadda ake ba yaro yadda take. Akwai kuma ta ruwa mai kauri, wadda sai an ƙara mata ruwa. Wannan ta ukun ita ce ke ruɗa mutane, domin gwangwaninta ya yi kama da na madarar mai shayi. Madarar shayi ba ta jarirai ba ce. Kada a ba jariri ita.

Kafin a buɗe gwangwani, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da madarar za ta lalace. Idan ya kumbura ko ya yi tsatsa, a jefar. Wanda ya shigo daga Nijar yakan zo da rubutun Faransanci. Duk abin da ba a gane ba, a kai wa ma'aikacin lafiya ya karanta.

Ga yadda ake haɗa ta:

1. A wanke hannu da sabulu.
2. A dafa ƙaramin kofi da cokali a tafasasshen ruwa. Kofi ya fi bulumboti sauƙin wankewa.
3. A tafasa ruwan sha sosai, a rufe, a bar shi ya huce.
4. A wanke saman gwangwani, a girgiza, sannan a buɗe.
5. A auna madara awo ɗaya, ruwa ma awo ɗaya, da ma'auni guda.
6. A ɗiga kaɗan a bayan hannu. Idan ba zafi, a ba yaro.

Wasu na ƙara ruwa don madarar ta yi auki. Wannan kuskure ne babba. Yaro zai rame, yana iya yin jijjiga. Idan kuma ruwan ya yi kaɗan, madarar takan wahalar da ƙodarsa, ruwan jikinsa ya ragu.

Babbar matsala ita ce ajiya. Gwangwanin da aka buɗe ba ya wuce awa 48, shi ma sai a cikin firiji. Randa ba firiji ba ce. A bazara zafin ƙasar Gobir yakan haura digiri 40, ƙwayoyin cuta kuwa zafi suke so. Madarar da aka haɗa kada ta wuce awa 2 a ajiye. Wadda yaro ya sha ya rage, a zubar bayan awa 1. Saboda haka gidan da babu firiji, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya kan irin madarar da ta dace.

Idan yaro ya fara gudawa ko amai, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya rage fitsari, kada a jira gari ya waye. A hanzarta kai shi ɗakin shan magani mafi kusa, ko babban asibitin Isa ko na Sabon Birni.

Jama'a, wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.