SOYAYYA, BINCIKE KO ALJANU: Wane Littafi Ne Ya Fi Kama Zuciyar Matasan Kadawa?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani ya san inda ido ke samun hutu. Da an doshi Kura, sai ƙasar da ta bushe ƙamas ta koma kore shar: alkama nan, albasa can, ga tumatir jajawur a kwanduna ana jiran manyan motoci a Kwanar Gafan. Wannan shi ne yankin Kadawa, cibiyar noman ranin da ta ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, wadda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974.

Abin da matafiyi ba zai hango daga cikin mota ba shi ne, jama'ar nan akwai su da son labari. Aikin nasu ma ya ba da dama. Yaron da aka tura korar tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafa yini guda cur gare shi. Mai ban ruwa sai ya zauna jiran fangali ya cika kafin ya juya ruwan zuwa na gaba. Matar da ke turara shinkafa a cikin gida hannunta ne ke aiki, kunnenta na kan rediyo. A shekarun 1990 da 2000 ɗan littafin nan ne mai siririn bango, sau da yawa da hoton 'yar fim a kai, ake saro shi daga kasuwannin Kano, a ba da shi haya, ya zaga gida-gida har bangon ya cire. Yanzu kuwa yawancin karatun ya koma cikin waya, wasu su karanta da ido, wasu su saurari wanda aka karanta aka naɗa.

Takarda ta ja baya, amma gardamar tana nan daram. Mai karatu, in ka zauna a majalisar samari ko ɗakin amarya ka tayar da zancen wane irin littafi ya fi, to ka tsokano tsuliyar dodo. Makaranta sun kasu uku, kowane ɓangare da hujjarsa.

'YAN SOYAYYA

Waɗannan su ne masu rinjaye, kuma mata sun fi yawa a cikinsu, duk da cewa samari da dama na karantawa a ɓoye, su kwashi kalaman da za su kai zance. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne a ce littattafan nasu shirme ne na 'ina son ki, ina son ka'. Hujjarsu ita ce, sunan ne kawai soyayya, amma cikin littafin zaman gida ne baki ɗaya: auren dole, kishi, saki, rainon 'ya'yan miji, da karatun 'ya mace.

Kuma tarihi na bayansu. Tun 'So Aljannar Duniya' na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, zancen yarinya ta zaɓi wanda take so ake yi. A 'Wa Zai Auri Jahila?' na Balaraba Ramat Yakubu, an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A 'Alhaki Kwikwiyo' kuwa, Rabi ce mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda ya yi amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta. Yarinyar da ke ganin ana cire sa'o'inta daga aji da zarar an sayar da amfanin gona an samu kuɗin kayan ɗaki, ba ta bukatar a yi mata fassarar irin wannan labarin. Ta san Abu, wataƙila ma tare suke ɗebo ruwa.

'Yan fim ma sun san darajar wannan ɓangaren. 'In Da So Da Ƙauna' na Ado Ahmad Gidan Dabino, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad talaka, ya zama fim a 1994. 'Ki Yarda Da Ni' na Bilkisu Ahmed Funtuwa ya bi sahu, haka 'Alhaki Kwikwiyo' a 1998. Masu sayen littafin su ne suka fara sayen kaset ɗin, don suna so su ga da idonsu fuskar da suka daɗe suna zanawa a zuci.

Sai dai su kansu 'yan soyayyar suna da ƙorafi. An cika maimaita abu guda: kyakkyawa fara mai dogon gashi, matashin attajiri mai ji da kai, ƙiyayya a farko, aure a ƙarshe. Ga kuma jan rai, labarin da zai ƙare a littafi ɗaya sai a raba shi uku ko huɗu, a yanke shi daidai inda ya yi daɗi, a ce sai an haɗu a na gaba.

'YAN BINCIKE

Su kuma waɗannan ba su kai na farko yawa ba, amma sun fi kowa ɗaga murya. Galibi samari ne, kuma suna alfahari da cewa su da ƙwaƙwalwa suke karatu. Abin da suke nema shi ne a ɗaure musu kai: an yi kisa ko sata, kowa abin zargi ne, sai a shafin ƙarshe gaskiya ta fito. A wurinsu, littafin da ka gane ƙarshensa tun daga shafi na goma asarar kuɗin haya ne.

Yayyensu da suka yi sakandare sun taso da littattafan James Hadley Chase na Turanci, amma da Hausa ma abin yana da asali. Akwai 'Idon Matambayi' na Muhammadu Gwarzo tun shekarun 1930, labarin ɓarayi da dabarunsu. A 1982 aka samu 'Turmin Danya' na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da 'Ƙarshen Alewa Ƙasa' na Bature Gagare, inda Mailoma ya kafa ƙungiyar 'yan ta'adda. Daga baya irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih, mai 'Kibiyar Ajali', suka riƙe wa wannan ɓangaren wuta.

Kukansu ɗaya ne: kayan sun yi kaɗan. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Rubuta labarin bincike sai wanda ya san yadda ɗan sanda ke ɗaukar bayani, yadda ake gabatar da shaida a kotu, da abin da likita ke dubawa a jikin gawa. Kuskure ɗaya ya isa ya rusa labarin. Ga shi 'yan kasuwar littafi sun fi sakin kuɗi ga abin da suka tabbatar mata za su saya. A fim ma haka: falo da lambu da waƙa biyu sun fi araha a kan motocin 'yan sanda da harabar kotu. Shi ya sa da yawa daga cikin samarin nan suka karkata ga finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, can suke kashe ƙishirwarsu.

'YAN ALJANU DA YAƘI

Ɓangare na uku shi ne wanda ake wa kallon yara, alhali akwai magidanta da furfura a ciki. Su ba ruwansu da falo ko ofishin 'yan sanda. A ba su jarumi da takobi, birnin da ke ƙarƙashin teku, boka mai madubin tsafi, da aljani mai fukafukai. Sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ba baƙo ba ne a bakinsu, haka na Aliyu Abubakar Sharfaɗi mai 'Malikussaif'. Masu son abin tsoro na zamani, irin na ƙungiyoyin asiri, su kuma sukan ambaci 'Sirrinsu' na Maje El-Hajeej Hotoro.

In aka ce musu ƙarya ce zalla suke karantawa, amsarsu a shirye take: ai da irin wannan ƙaryar aka buɗe ƙofar ƙagaggen labarin Hausa. A 'Ruwan Bagaja' na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933, sai da taimakon aljanu Alhaji Imam ya kai ga ruwan. 'Ganɗoki' na Bello Kagara ma ƙasar aljanu ya shiga. Ga 'Iliya Ɗan Maiƙarfi', ga 'Dare Dubu Da Ɗaya' da kakanni suka saurara. Ban da haka, wanda ya taɓa kwana shi kaɗai a gona yana ban ruwa, ba fitila sai ta waya, kachalla na motsi a bakin kanal, ba sai an koya masa abin da ake kira tsoro ba. Yaran yankin da gargaɗin iyaye suka girma, kada a je bakin ruwa da tsakar rana ko da magariba saboda mutanen ɓoye.

Masu suka dai ba su ƙyale su ba. 'Yan bincike na cewa duk marubucin da labari ya cije masa sai ya kira aljani ya warware, wannan kuwa ragwanci ne. Wasu malamai kuma na tsoron yawan ambaton boka da tsafi zai sa yaro ya ɗauka can ake samun biyan bukata.

IYAYE DA HUKUMA

Wannan gardamar ta makaranta wasa ce in aka kwatanta da wadda aka yi a sama. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai 'Adabin Kasuwar Kano', yana ganin ba za su yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya musu, aka yi ta fafatawa a jaridu. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda hurumin aikinta ya haɗa da ɗab'i. A 2007 kuwa, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, bisa zargin suna ɓata tarbiyya.

Ba za a ce iyaye ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai littattafan batsa, kuma tunda rubutu ya koma waya, inda babu mai tacewa, abin ya ƙaru. Amma makaranta na da tasu tambayar: mata nawa ne da aka cire daga firamare suka riƙe karatun boko saboda kawai suna son su san yadda Sumayya ta ƙare? Hana yarinya littafi gaba ɗaya saboda ɓatagari, tamkar toshe kanal ne don an ga kachalla a ciki.

INDA AKA HAƊU

To, duk da wannan rabuwar kai, akwai wurin da ɓangarorin uku suka yi tarayya, wato rashin ganin kansu a cikin abin da suke karantawa. Buɗe littafi goma, tara a Nasarawa GRA ko Abuja za ka tarar da jaruman, in an gaji a tafi Dubai. In ɗan ƙauye ya shigo, to mai gadi ne, ko abin dariya, ko kuma 'yar talla da ke jiran attajiri ya fito da ita daga wahala. Manomin da tumatirinsa ke ciyar da Legas ba ya cikin lissafi.

Alhali kuwa duk abin da ɓangarorin nan uku ke nema yana kwance a Kadawa. Mai son soyayya ya dubi saurayin da aka sa wa ranar aure bisa dogaro da kuɗin tumatir, sai ga shekara irin 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har sabon kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekarar ya tsaya don rashin kaya. Shin uban yarinya zai jira, ko dillalin da ke da kuɗi a hannu zai ba? Mai son bincike ya tambayi wa ya karkatar da ruwa cikin dare gonar maƙwabci ta ƙone, ko ina buhunan taki suka shige tsakanin sito da gona. Mai son aljanu kuma ga dare, ga ruwa, ga yaron da ke fitsarin jini, kaka na cewa taɓin mutanen ruwa ne, ma'aikacin asibiti na cewa tsargiya ce. Wannan kaɗai ya isa littafi guda, kuma mai karatu zai fita da ilimi.

Kada wani furodusa ya ce irin wannan ba ya kasuwa. Shirin 'Daɗin Kowa' na tashar Arewa24, wanda marubuta littafi irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman suka yi aikin rubuta shi, da talakawan gari ya kafu, ba da gidajen bene ba, kuma kowa ya ga yadda jama'a suka karɓe shi. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ita ma ta nuna haka, don labarin da ya fara lashe ta, 'Sansani' na Aisha Muhammad Sabitu, kan 'yan gudun hijira ne.

Saura dai matasan yankin su gane cewa ba dole sai marubucin birni ya zo ya rubuta su ba. Da yawa daga marubutan da aka lissafa a sama da kuɗin aljihunsu suka buga littafin farko, suka kai kasuwa da kansu. Yau ko kuɗin ɗab'in ma ba a bukata. Wayar da ake karanta labarin attajirin Abuja da ita a bakin fangali, ita ce dai za a rubuta na Kura da Bunkure da ita. Wanda ya fara, 'yan soyayya da 'yan bincike da 'yan aljanu duk suna jiran sa, 'yan fim kuma, kamar yadda suka saba tun 1994, ba za su daɗe ba za su biyo sawu.