Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Kwamfuta Ke Jera Ayyukanta?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Yana cewa: "Na tura wa abokin cinikina kuɗi a wurin mai POS, aka cire a asusuna, amma ba su isa ba sai bayan kwana biyu. Shin na'urar nan ba ta san aikin da za ta fara da wanda zai biyo baya ba ne?"

To Malam, ta sani, domin an tsara mata. Amma bari mu faro daga tushe.

Lissafin kuɗinka ba a cikin ƴar na'urar da ke hannun mai POS yake ba. Yana can nesa cikin wata babbar kwamfuta, a abin da ake kira rumbun bayanai. Duk abin da ake so, sai an aika tambaya can a jira amsa. To, kwamfutar da ke tsakani ba kai kaɗai take yi wa aiki ba. In ta naɗe hannu tana jiran amsarka, sauran jama'a sun shiga uku. Sai ta yi irin ta mai shago da ya aiki yaro sito ya dubo ko da sauran masara: ba ya rufe shago, yana ci gaba da sallamar masu saye har yaron ya dawo.

Nan fa matsala take. In ka aiki yara uku a lokaci guda, ba ka da tabbacin wanda zai riga dawowa. Alhali wasu ayyukan dole a bi su daki-daki, ba a niƙa kafin surfe. Sai an duba ko kuɗinka sun kai, sannan a cire, sannan a zuba wa wancan.

Hanyoyin tabbatar da wannan jeri suna da yawa, kuma kowane banki da irin tasa. Ɗaya daga cikin sanannu ita ce sarƙar alkawari, wadda ta shiga ƙa'idar harshen kwamfuta na JavaScript a 2015, wato shekara 20 bayan ƙirƙiro harshen a 1995. Da an aika tambaya, nan take sai a karɓi alkawari a madadin amsa, kamar dai takardar shaidar ajiya. Halinsa uku ne: ko ana jira, ko ya cika, ko ya warware. Mai tsara aikin sai ya rubuta: in wannan ya cika, sannan a yi kaza, sannan kaza. Kowane mataki yana miƙa wa na gaba sakamakonsa, na gaban kuwa ba ya motsi sai ya karɓa. A ƙarshen sarƙar akan ajiye mai tare kuskure, ta yadda in mataki na biyu ya faɗi, sai a tsallake na uku a zarce wurinsa.

Akwai wani kuskure da masu koyo suka cika yi, har ma da gwanaye in suna sauri. Su aika tambaya a cikin wani mataki, su manta ba su miƙa alkawarinta ga sarƙar ba. Shi ke nan, na gaba sai ya ɗauka an gama, ya kama aiki hannu wofi.

Yanzu ga inda ta shafe ka, Malam. Sarƙar nan jeri kawai take kiyayewa, ba ta mayar da abin da aka riga aka yi. In an cire kuɗinka, layi ya yanke kafin a zuba wa wancan, za ta tsaya, amma ba ita za ta dawo maka da su ba. Wannan aikin wani tsari ne daban, na ko duka ko babu, wanda ke soke cinikin gaba ɗaya in ɓangare guda ya gaza. A cikin rumbu ɗaya abin da sauƙi. In kuwa bankinku ba ɗaya ba ne, rumbu biyu ke nan, sai sun daidaita lissafi a tsakaninsu, kuma nan ne akan sami jinkiri.

Saboda haka in ta sake faruwa, kada ka yi gaggawar sake turawa, don kada ka biya sau biyu. Riƙe takardar da na'ura ta fitar, lambar da ke jikinta da ita banki zai bi sawun kuɗinka.